Rijiyar Ruga Ta Sauka, Na Rubuta Ba Ta Motsa Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Ni dattijo ne, na haura saba'in, don Allah ku taimaka min da shawara kafin Juma'a, abin ya hana ni cin abinci.

Ina saurayi na samu aiki da masu haƙar burtsatse, lokacin kuɗin mai ya shigo, yankinmu yana ƙarƙashin jihar Kano. Mun yi aiki a Babura, mun yi a Kanya Babba, sai Allah ya kawo mu ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. In an gama haƙa ba a ɗora inji sai an yi gwaji, a kunna famfo kwana uku ba tsayawa ana jan ruwa, ana auna yadda yake sauka a ramin da kuma rijiyoyin kusa. Da wannan awon injiniya ke gane yawan ruwan da ke ƙasa da inda yake bi, don wajenmu dutse ne, ruwa tsagar dutse yake bi.

Ni aka ba awon rijiyar wata ruga, tafiyar minti goma daga garinmu. Kafin mu fara injiniya ya ce min, in rijiyar nan ta sauka to jijiya ɗaya suke sha, ba za a sa babban inji ba, aikin zai koma wani gari. Ranar farko ba komai. Rana ta biyu da hantsi na zura awo na ga ruwa ya ja baya, ta uku ya sauka ya fi tsayina. Na tsaya riƙe da biro ina tuna mahaifiyata da take tafiya har fadama da tulu, da mahaifina da ya gama gaya wa gari cewa ɗansa ya kawo ruwa. Wallahi sai na rubuta lamba ɗaya tun daga sama har ƙasa. Injiniya ya yarda da ni, ya zana taswirarsa cewa ruwan biyu ba su haɗu ba, aka ɗora inji da tanki.

Rani na biyu rijiyar ruga ta ƙafe ƙaf. Ardo, shugaban rugar, ya zo har zauren mahaifina ya ce, "Yaro, kai ka auna rijiyarmu, me ka gani?" Na ce Baffa ban ga komai ba, fari ne kawai. Suka fara kawo shanu tankinmu, rigima ta tashi har aka fasa wa ƙanin Ardo kai, daga baya suka kwashe suka yi arewa wajen iyaka. Na ji shanunsu da yawa sun mutu a hanya, Ardo ma can ya rasu.

Bayan shekaru injinmu ya lalace aka bar shi, ruwa ya dawo rijiyar, iyalan Ardo suka komo, yanzu gidaje ne da yawa. Na yi ta istigfari na ɗauka magana ta wuce.

To bana ƙungiyar ci gaban garinmu ta samo famfo mai sola, ya fi wancan injin ƙarfi, kuma babban ɗana ne shugaba. Mutanen ruga suka ce suna tsoron a maimaita abin da ya faru a baya, sai aka je Kazaure aka tono tsohon fayil, ga takardar nan da rubutuna. Ɗan Ardo, wanda shi ma ya yi furfura, ya zo gidana ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, tunda kai ka auna da hannunka mun yarda." Na kasa haɗa ido da shi.

Na kira ɗana na ce a sake gwaji, ya ce lokaci ya ƙure, mata sun gaji da sayen ruwan jarka, kuma takardata ta isa. Na matsa, ya fusata ya ce ko ina son a ce ya gaza ne. Na gaya wa maiɗakina gaskiya, ta yi kuka, ta ce in na faɗa a fili faɗan da ya kwanta zai tashi, jikokinmu kuma makaranta ɗaya suke da na ruga. Amma ni na san abin da zai faru in aka kunna famfon nan, na gani da idona.

Asabar masu aiki za su iso. Jama'a in fara gaya wa ɗana, ko da zai daina ganin girmana? Ko in tafi ruga in durƙusa gaban ɗan Ardo tukuna? In na faɗa aka fasa aikin, garinmu zai yafe min? In kuma na yi shiru na mutu, me zan ce wa Ardo ranar da za mu tsaya gaban Allah? Don Allah ku gaya min ta inda zan fara.