Aladu a Cocin Montcairol

Litinin, 5 ga Oktoba, 1377
Sun toshe babbar tagar yamma ta cocinmu saboda tsoron mahara. Shekara ɗari biyu haske na shigowa ta nan, yau Esteve magini ya cike ta da duwatsu, ya bar wata 'yar tsaga ta harbin kibiya. Na ce masa coci ne fa, ba kurkuku ba. Ya ce, "Fada Guiraud, je ka gaya wa maharan haka." Shugaban gidan ibadarmu, Fada Aimeric, shi ya ba da umarni, dole na haɗiye. Shekara ashirin da shida ina share ɗakin nan.

Alhamis, 8 ga Oktoba
An ƙone ƙauyen ƙetaren kogi. Muka buga ƙararrawa, namu mutanen suka kwararo ciki, su da aladu da awaki da buhunan hatsi. Aka saka sakata. Alade a gaban bagadi, teburin hadaya! Kashi har kan matakala.

Juma'a, 9 ga Oktoba
Wari. Ko turare ya kasa.

Lahadi, 11 ga Oktoba
Tsohuwa Peironela, matar mai niƙa, ta rataya tafarnuwarta a hannun gunkin Bitrus mai tsarki. Na ce, "Iya, ba kya jin kunya?" Ta ce, "Ai masunci ne, ɗana, ya san wari fiye da kai. Matsa, ka taka min kaza." Duk suka kwashe da dariya. Ban ci abinci ba.

Talata, 13 ga Oktoba
Maharan sun iso da hantsi, sun kai arba'in. Suka tara itace a bakin ƙofa za su cinna wuta. Mazanmu suka hau hasumiya suna sako duwatsu ta ramukan da Esteve ya bari saman ƙofar. Kafin azahar duwatsu suka ƙare.

Akwai sassaƙaƙƙun kawunan ginshiƙai guda tara da aka cire lokacin ƙara kaurin bango. Ni na ɓoye su bayan bagadi. Peironela ta sani, tunda a can take kwana. Ba ta tona ni ba, ta dai ce a hankali, "Fada, jikokina huɗu ne a nan."

Da kaina na hau hasumiya da kan ginshiƙi mai siffar zakuna biyu. Na sake shi. Na ji ƙarar da ya yi a kan mutum, na yi amai a jikin bango. Tir da su, tir da ni.

Laraba, 14 ga Oktoba
Sun tafi. Kibiya ta sami Esteve a wuya, bai kai yamma ba. Mun binne shi ƙarƙashin daɓen coci. Kwana tara ban ce masa ko sannu ba.

Asabar, 24 ga Oktoba
Kowa ya koma gida. Na wanke daɓe sau uku. A ɗakin sama na tarar wani ya zana mu da gawayi a bango, mutane da dabbobi, har da wani dogo mai tsinin hanci riƙe da tsintsiya, ya tsuke baki. Rashin kunya ne tsantsa. Fada Aimeric ya ce in shafe shi da farar ƙasa. Na ce ba ta kama bango da sanyin nan, sai bazara. Ya dube ni, ya wuce.

Hancin nawa ma bai kai haka tsawo ba.