Ɓerar Rairayi Ta Ƙi Cin Gero

Daren Talata, watan Rajab, Ruwais

Yau ma ɓerar rairayin da maigidana Malam ya kamo min ta ƙi cin gero. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, sai jan jiki take a akwati. Na ɗiga mata madara da auduga.

Maƙwabciyata Asabe ta leƙo ta ce, "Halas, ya isa haka, yar da ita mana! Ɓera kike jinya, ke da naki cikin?"

Haushi ya kama ni. Da a gida nake, da yanzu ina ɗakin Inna goyon ciki, tana matsa min ƙafa tana min faɗa. Amma teku na tsakaninmu.

Ɓera ma ta samu mai kwana a kanta. Inna, ni fa?