Ranar da Inna Ta Tare Dila a Garka

Madarumfa,
Lahadi, 18 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Farida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Salisu da ɗiyarmu Nusaiba. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa ku ci ribar zamanku a Amurka, ya maido mana ku lafiya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Ina nan ina fama da 'yan ajina a lekol, bana yara sittin da ɗoriya aka ba ni. Ruwan tabki ya fara ja da baya, garake sun yi kore shar, tumatir ya cika kasuwa har ana roƙon mutum ya ɗauka. Samira tawa ta cika shekara huɗu, bakinta ya buɗe, kullum sai ta tambaye ni yaushe Nusaiba za ta fito daga cikin salula su yi wasa.

Na ga hoton da kika turo na dabbar da ta shigo bayan gidanku da rana tsaka, wadda kika ce sunanta kayoti a can. Na kai wa Inna ta gani. Ta karɓi salular ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai wannan dila ne, sai dai nasu ya fi namu ƙoshi. Daga nan ta miƙo mini salular muka dubi juna, domin akwai abin da muka ɓoye miki kwana arba'in ke nan. Shi ya sa na zauna na rubuta takarda maimakon in kira ki. Na san halinki, in da baki na fara faɗa miki, kafin in kai tsakiya kin fashe da kuka kin kashe waya. Don haka ki fara riƙe wannan: Inna tana nan lafiya, yanzu ma da nake rubutu ina jin muryarta tana faɗa da awaki a tsakar gida. Ki karanta har ƙarshe.

Ranar wata Litinin a farkon Janairu, Inna ta tafi garkarta ta bakin tabki da hantsi, ta ɗauki Samira kamar yadda ta saba in ina lekol. Ta zaunar da ita gindin mangwaron nan da kika sani, ita kuma ta shiga tsinkar tumatir tana zubawa a babban daron ƙarfe. Tsakaninsu bai fi taku goma sha biyar ba. Ta ce ɗagowar da za ta yi don ta miƙe bayanta, sai ta ga dila ya ratso ta wata kafa a jikin shinge. Kin san dila, ko tari ka yi ya bar wurin, kuma ba ya yawo rana a tsaye. Wannan kuwa yana tafe yana tangaɗi, miyau na dalala daga bakinsa, ya dube ta ido cikin ido bai ko girgiza ba, ya miƙe sak wajen da yarinya take zaune tana gina ɗaki da laka.

Farida, ni da na haifi Samira, na yi ta auna kaina a wannan wuri, kuma na san abin da zan yi: ihu zan kurma in ce ta gudo. Inna ba ta yi haka ba. Ta ce ta san in yarinya ta tashi da gudu, ta zama abin farauta, kuma ƙafar ɗan shekara huɗu ba ta tsere wa dila. Sai ta kira ta da muryar da take kiran ta cin tuwo, ta ce ta zauna inda take, ta rufe ido da hannu, wasan ɓuya za su yi, kada ta buɗe sai ta ji an kira sunanta sau uku. Yarinya ta rufe ido tana dariya. Sannan Inna ta zare mayafinta ta ware shi da hannu biyu sama da kanta don ta ƙara girma, ta daka wa dabbar tsawa, tana dukan daro da ƙafa. Dila ya tsaya, ya juyo. Ita kuma ta riƙa matsawa a karkace, tana jan daron da ƙafa, ba ta ba shi baya ba, har ta shiga tsakaninsa da mangwaro.

Ta ce da lafiyayye ne da nan zance ya ƙare, da ya nemi kafar da ya shigo. Da ta ga bai da niyyar komawa, sai ta naɗe mayafin a hannunta na hagu ta miƙa masa. Ya yi tsalle ya kafa haƙora, suka ratsa mayafin suka shiga nama. Da hannun dama ta kifar da tumatirin, ta kifa masa daron a ka da ƙirji, ta fizge hannunta, ta hau kan daron da gwiwoyi biyu. Tsohuwar da muke hana ta ɗaukar tulu saboda ciwon baya! Haka ta zauna a kansa yana ta shure-shure da ƙafafun baya, tana kiran Ɗan Baba, mai garkar da ke maƙwabtaka da tata, har ya taho da fartanya ya ƙarasa shi. Ɗan Baba ya faɗa mini cewa da ya iso, jini na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a kan daro, amma abin da ta fara ce masa shi ne ya ja mushen bayan shinge ya rufe da ganye tukuna, yarinya ba ta buɗe ido ba. Sai da ya yi haka ta kira sunan Samira sau uku. Yarinya ta buɗe ido ta ce ita ta ci wasan.

Da aka zo lekol aka faɗa mini, ban san lokacin da na bar takalmina a aji ba. Na tarar mutane sun cika garka, Inna ta tuɓe Samira tana duba jikinta gaɓa-gaɓa, har tsakanin yatsu da cikin gashi, ta hana kowa taɓa nata hannun sai da ta tabbata ko ƙwarzane babu. Nan fa shawarwari suka tashi. Wani ya ce a ƙona gashin dilan a barbaɗa a raunin, wata ta ce a ɗaure hannun tamau da tsumma, wani dattijo ya ce a gasa hantarsa ta ci, haka aka gada. Inna ta gode wa kowa da ladabi, ta ce a kawo mata sabulu. Ta zauna bakin rijiyar garka ta ce in riƙa zuba ruwa, in kuma duba agogo, kada in tsaya sai minti goma sha biyar sun cika, haka ta ji wata likita ta faɗa a rediyo. Na ga yadda sabulun ke shiga raunin, jijiyoyin wuyanta sun tashi, amma salati kawai take yi. Da na ce ya isa haka, sai ta tambaye ni ko ni ce agogon.

Ɗan Baba ya ɗauke mu a amalankensa zuwa gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba ya ce wankin nan da aka yi shi ne rabin magani, ya ce da kowa zai yi haka da an huta da kuka mai yawa. Ya gyara raunin, ya rubuta mana takarda zuwa Maraɗi, a ranar aka fara yi mata allurar haukan kare. An sa mata ranakun komawa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ita ke tashe ni ta ce yau ranar allura ce. Ma'aikatan kiwo kuma sun zo sun ɗauki mushen, suka ce duk alamun hauka ne, suka bi unguwa suna yi wa karnuka rigakafi.

Abin da ya fi burge ni ma bayan nan ya zo. Ni da Kawu Sule muka haɗa baki muka ce ta bar garka haka nan, a ba wani ya noma. Ta saurare mu har muka gama, ta ce ba a barin gona don tsuntsu, kuma in ta zauna ɗaka dilan da ya mutu ya ci ta ke nan. Da hannu a naɗe ta sa aka sari ƙaya aka toshe kowace kafa ta shinge. Sannan ta zagaya bayan garake tana bin sawu, har ta gano abin da ke jawo diloli: juji ne inda masu gyaran kifi ke zubar da kayan ciki. Ta tafi da ƙafarta wajen sarkin ruwa, ta zauna ta yi masa bayani, ta ce dabbar daji da ta saba samun abinci kusa da mutum tsoronsa fita yake daga ranta, kuma inda lafiyayyu suka saba zuwa nan mahaukaci zai biyo wata rana. Yanzu masu kifin rami suka haƙa suna binnewa. Matan unguwa kuwa sun sa mata suna, in ta wuce sai ka ji ana cewa ga Delu mai daro. Tana yi kamar ba ta so, amma na ga tana murmushi.

To ga saƙonta gare ki, kuma ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Na gaya mata kin ce tun ranar da kika ga dabbar ba ki ƙara barin Nusaiba ta leƙa waje ba, kuma wata tsohuwa maƙwabciyarku ce ke ajiye musu abinci don tausayi. Ta ce kulle yarinya ba tsaro ba ne, tsoro ne kike shayar da ita. Ki fita da ita, amma kada ta yi nisan da hannunki ba zai kai gare ta ba. In kun haɗu da dilan, ki ɗauke ta sama, kada ki gudu, kada ki ba shi baya. Ki ware mayafinki, ki yi tsawa, ki jefe shi da abin da kika samu, ki ja da baya a hankali. Ki rufe shara da kyau. Maƙwabciyar kuma ki je mata da fuska a sake, ki kai mata ɗan abin hannu, ki nuna mata Nusaiba, sannan ki faɗa mata damuwarki, domin da lallami ake fitar da tsohuwa daga ɗabi'arta. Wanda kika gani ba ya tsoron mutum ko yana tangaɗi, ki sanar da hukumar da ke kula da dabbobi a garinku. In kuma, Allah ya kiyaye, haƙori ko farce ya taɓa wani, to sabulu da ruwa, sai likita a ranar, ba gobe ba.

Duk tsawon kwanakin nan na ɗauka Inna ba ta ji tsoro ba ko kaɗan. Jiya da safe ta kira ni ɗakinta ta ce in kawo mata ruwa a moɗa, in cika shi. Ta riƙe da hannu biyu ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta kafa kai ta shanye tas. Da ta sauke moɗar sai na ga hawaye. Nan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba mu ba. Ashe tana da yaya mai suna Indo, uwa ɗaya uba ɗaya, tun suna Safo. Kare ya cije ta a hanyar rijiya, aka yi mata duk abin da aka sani a lokacin, rauni ya warke, kowa ya manta. Wajen kwana arba'in sai ta fara firgita in ta ga ruwa, ƙishirwa na cin ta amma ba ta iya haɗiya, kuma Inna, tana 'yar shekara tara, ita ce ke riƙe mata moɗa har Allah ya karɓi ranta. Ta ce ta yarda da allura, ta yarda da Allah, amma tun ranar garka kowace safiya sai ta gwada maƙogwaronta da kurɓi ɗaya kafin kowa ya tashi, tana ƙirga kwanaki ita kaɗai. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce ina da yara sittin da zan koyar, ba ta ga amfanin mu zama mu biyu masu ƙirga ba. Sannan ta share ido da bakin zane ta ce yanzu in rubuta miki.

Wannan ita ce uwar da Allah ya ba mu, Farida. Ki kira ta ranar Juma'a in an sauko, amma ki gama kukanki kafin ki kira, kin san ba ta son a yi mata.

Inna tana gaishe ki, tana sa wa Nusaiba albarka. Kawu Sule da iyalinsa suna gaisuwa, haka Gwaggo Zahara'u ta Ɗan Issa, ta ce har yanzu tana jiran hoton da kika yi mata alkawari. Ɗan Baba ya ce a gaida mutanen Amurka. Baban Samira yana gaida Malam Salisu da kyau. Ki shafa mini kan Nusaiba. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ni ce yayarki,
Saratu.