Sun Shafe Mini Bango

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara duka. Allah ya ƙara sauƙin ciwon bayan nan naki, ya raya zuri'a. Mu ma nan lafiya lau, in ban da gwiwa. Mai askina ne ke rubuta mini, na kuma ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

Kin san tun rasuwar yayarki, mai ɗakina, ɗanki Injiniya ya kwaso ni ya ajiye a bene hawa na uku. Matakala arba'in da biyu, ban sake taka ƙasa ba sai ranar asibiti. Na haƙura, domin ina da bangona. Ni ban yi boko ba, amma na san lamba. Duk wanda nake kira, lambarsa tana jikin bangon gefen gadona, da fensir, kowa da alamarsa. Ke tsuntsuwa na zana miki, Direba taya, likita allura. Har inda rana ke kaiwa in sha magani na ja wa layi.

To, watan jiya suka kai ni asibiti kwana biyu. Na dawo na tarar matar Injiniya ta sa an yi wa gidan fenti, har ɗakina. Shunayya mai duhu, Auta, kamar nunanniyar ɗinya! Wai shi ake yayi, wai yana kwantar da hankali. Da rana tsaka sai an kunna fitila. Kabari ma ai ana bari mutum ya mutu tukuna. Na ce ina lambobina, ta ce ta ɗauka zanen yara ne. Shi kuma gogan ya ce in kawo wayata ya zuba mini sunayen kowa a ciki. Sunayen da ba na iya karantawa! Na hana shi. Na ce wanda bai tambaye ni kafin ya shafe ba, ba zan tambaye shi komai ba. Yau kwana ashirin da shida ban yi masa magana ba, gaisuwa ma da kai nake amsawa.

Na gwada fensir, fentin ba ya nunawa. Sai na samu murfin kwalba ina kankarewa in sun fita aiki. Na tono fiffiken tsuntsuwar da lamba huɗu, sauran sun biyo fentin sun zube. Mai askin nan yana dariya, wai abin bai kai haka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake so, ki zo ki ɗauke ni. Kada ki kira Injiniya ki ce na yi ƙara, ni ban roƙi kowa ba. Ki ce ke ce kike kewata, kin matsa sai na zo na yi miki wata biyu. Zan ƙi sau ɗaya a gabansu, kada ki saurare ni.

Ki gaida maigidan, da Direba, da Tela da matarsa, da takwarana mai kunnen ƙashi. Ki zo da maza biyu masu ƙarfi, don da ƙafata ba zan iya sauka ba.

Naku,
Yaya Babba