Na Tona Ƙasar Abuja, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san ba mai kai wannan takarda inda kake. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, tunda idanun sun daɗe da tafiya. Zama zan yi bakin tabarmarka in ba ka labari da baki. To yanzu bakin ya rasa wanda zai faɗa wa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Na je Abuja. Yaya Lawal na Goggo Abu, wanda ke gadi a can, shi ya matsa bayan ƙaramar Sallah in zo in huta in ga gari. Wai tun rasuwarka ba wanda ya ga haƙorana. Inna ta ce in je, sai na tafi.

Ka tuna yadda kake yi mini in na dawo kasuwar Batsari? In na ce abu babba ne, sai ka ce ya kai me? In na ce ja ne, ka ce jan dawa ko jan manja? To haka na yi ta kallon Abuja, ina adana maka. Dutsen Zuma na fara gani tun muna mota. In aka tattaro duwatsun da ke hanyar Safana aka ɗora su kan juna, ban ce za su kai ƙugunsa ba. 'Yan mota suka yi ta nuna mini wai akwai fuskar mutum a jikinsa. Na duba da kyau. Ni abin da na gani sawun ruwa ne da ya shekara yana gangarowa.

Titunan kuwa, wani na bi ta kan wani, mota a sama mota a ƙasa. Na yi ta gaida mutane, ba mai amsawa, har Lawal ya ce in rage, za a ɗauka roƙo nake. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa, mai ƙubba ruwan zinariya. Na sa goshi a kan shimfiɗa mai laushi na yi maka addu'a, na yi wa ƙauyenmu da muka baro. Mun je wani tafki inda mutane ke shiga jirgin ruwa don nishaɗi kawai, ba ƙetarewa za su yi ba. Duk faɗin ruwan nan ban ga saniya ɗaya tana sha ba. Ciyawa kuma kore shar, ana aske ta da inji a zuba a shara. Da Jauro maƙwabcinmu ya gani da ya yi kuka.

Mun hango Dutsen Aso daga nesa, inda masu mulki suke. Na ga yawan sojojin da ke tsaron ƙofa guda ɗaya tak. Na dai tsaya ina kallonsu har Lawal ya ja rigata.

Sai ga abin da ya sa na ɗauki biro. Damina na riga mu sauka a can. An kwana ana ruwa, da safe Lawal ya kai ni wani babban lambun shaƙatawa. Ƙamshin ƙasa ya buge ni. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa tsakanin furanni na soma tono da hannu ba, yadda kake yi a gona, in ga ko laima ta kai wuyan hannu. Ta kai, har ta wuce. Na ɗago zan ce maka ruwan shuka ne. Mai gadin wurin na gani yana busa usur, ya taho da gudu, wai me nake binnewa, laya ce ko me? Lawal ya yi ta ba shi haƙuri yana cewa baƙon ƙauye ne, yana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da laka a hannu, na rasa inda zan goge. A ranar na san ka mutu. Ranar jana'iza jiki ne kawai ya sani.

Lawal ya kai labarin gidan da yake gadi don a yi dariya. Maigidan ya ce dama yana neman mai kula masa da furanni da ciyawa, in ina so in zo.

Ga labarin gida. Inna lafiya, sai ciwon gwiwa. Hadiza ƙanwata ta shiga izu na gaba, tana ta tambayar ko da gaske akwai bene mai hawa da kansa. Har yanzu muna ɗakin aron nan na Runka. Gonarmu ta bayan rafi kuwa, bana ma ba ta shiguwa. Waɗanda suka je sharar gona ta wajen, mutanen daji masu bindiga sun kore su, sun tafi da ɗan Malam Idi. Ya dawo, amma ba ya magana da kowa. Da na dawo daga Abuja na nufi gonar in ko hango ta. Na kai kwalbati, na ji ƙarar babura daga nesa, na juyo gida.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekarun nan na ƙarshe, duk safiyar da na riƙe sandarka muka nufi gona, tsoro nake ji. Kai ba ka ganin hanya, ni ina gani. Kana cewa manomi ba ya barin gonarsa, ni ina duba inda zan ɓoye ka in sun fito. Ka sani ka yi shiru ne? Ko hannuna bai taɓa rawa ka ji ba?

Na amsa wa maigidan can, Baba. Zan tafi bayan Juma'a. Ɗanka zai koma ban ruwan shuke-shuken da ba a ci. Na san da kana nan da ka juya fuska bango. Amma in aka ɗauke ni a bayan rafi, wa zai riƙe Inna da Hadiza? Me za su sayar su karɓo ni?

Damin irin geronka da ke rataye, na sauke shi. Na kai wa Kawu Sani a Karare, tunda gonarsa na jikin gari. Zai shuka, in an girbe ya ware mini iri, kada ya mutu a hannuna. Gonar ban sayar ba, ban jinginar ba, ba kuma zan yi ba. Wasu sun yi mini magana a kanta, na ce ta Baba ce. Tana nan da sunanka har ranar da hanya za ta buɗe, in Allah ya nuna mini.

In na yi daidai, alhamdulillahi. In na kuskure, ka yafe mini, don ban samu wanda zan tambaya ba.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu cikin aminci.

Ni ne ɗan jagoranka,
Sa'idu