Kwana Arba'in da Tara a Tankin El Tecolote

Tonalá, 26 ga Mayu

Aminiyata Hermelinda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Crisóforo, da 'yarki Adelaida da jaririyarta. Yaya kunnen? Tunda kin ce a waya ba kya jin komai sai shuu, zan riƙa ba Nicanor direba takarda ya kawo miki.

Ni dai ga ni nan. Na koma sayar da tamale, alalar masarar nan tamu, amma har yau hannuna kan ware guda uku masu jan barkono na ɗana Eleazar, sai daga baya in tuna ya rasu. Ke kika riƙe yaron nan ranar baftismarsa, ba sai na yi miki bayani ba.

Na yi wani abu da ke damuna. Da aka gama addu'ar kwana tara na rabar da kayansa kamar yadda ake yi. Akwai tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin matakala, ya manna mata takarda: "Kada a taɓa." Na ɗauka kwaramniyarsa ce kawai. Na ba 'yar maƙwabciyata da ke karatun jinya, aka kai shago aka goge ta tas.

Jiya sai ga Injiniya Baltasar, shugabansa a wurin aiki, yana neman kwamfutar. Da na faɗa masa, ya zauna a kan buhun masara bai sani ba. Ya ce, "Doña Eufrosina, a cikinta ake haɗa mana komai!" Wato manhajar akwatunan nan masu ɗiga maganin kulorin a tankin ruwa don tsaftace shi, irin naku na El Tecolote.

Eleazar ya taɓa yi mini bayani muna naɗe tamale. Ya ce, "Mama, akwatin ya yi ƙanƙanta, ba ya iya girki da kansa. A babbar kwamfuta nake dafa masa, in aika masa ya ci. Amma sai na san cikinsa, don abin da babba ya haɗiye lafiya yakan shaƙe ƙarami." Na ce masa, to kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa? Ya yi ta dariya.

Injiniya ya ce ba komai, za su haɗa a sabuwar kwamfuta. Bai kalli idona ba da zai fita.

Ki gaida kowa.

Taki,
Eufrosina


Tonalá, 5 ga Yuli

Hermelinda tawa,

Ina gaisuwa, da fatan damina tana yi muku da sauƙi. Na ga cukun da kika aiko, Allah ya saka. Kin ce jaririyar ta ƙi nono an koma haɗa mata madara. Tun da na karanta wannan layin hankalina bai kwanta ba.

Na ɗaga katifar Eleazar zan shanya, sai ga littafinsa na aiki. Yawancinsa ba na ganewa, amma shafi ɗaya ya rubuta a fili, ya ja masa layi biyu: "Akwatin yana ƙirga lokaci a ɗan ƙaramin wuri. Kwana arba'in da tara da sa'o'i goma sha bakwai wurin ya cika, ya koma sifili, ya bar bakin kulorin a buɗe. Gyaran yana cikin tsohuwa kaɗai. A kwashe shi." Tsohuwar kwamfutar yake nufi, kuma bai samu ya kwashe ba.

Na sa baƙar rigata na hau mota har ofishinsu. Injiniya Baltasar ya ba ni kofi, ya ce sun haɗa sabuwar manhaja ba ta yi gardama ko ɗaya ba, sun gwada ta sau ɗari, sun tura wa akwatuna ɗari biyu ranar 20 ga Yuni. Na ce a ina aka gwada, a akwatin ko a babbar kwamfuta? Ya yi murmushi ya ce, "Ashe mun samu sabuwar injiniya! Doña, ki bar mana wannan, mu ma mun bar miki tamale."

Wata abokiyar aikin Eleazar, Itzel, ta biyo ni bakin ƙofa ta karɓi littafin. Ba ta yi dariya ba.

Na zana da'ira a kalanda a kan 8 ga Agusta, ranar da kwana arba'in da taran za su cika. Kowace safiya nakan soke rana ɗaya. Ni na ba da kwamfutar nan, Hermelinda, da hannuna.

Taki kullum,
Eufrosina


Tonalá, Litinin 28 ga Yuli

Hermelinda,

Ina fata kuna lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce. Ki karanta wannan a tsaye.

Itzel ta zo da safen nan, ta dawo mini da littafin. Ta gwada a kan akwatin kansa, ta tura agogonsa gaba, ya yi daidai yadda Eleazar ya rubuta. Sun haɗa gyara sun tura, akwatuna duk sun amsa sai naku. Zaftarewar dutsen nan ta kayar da sandar sadarwarku, ba gyaran da zai shiga, ba wayar da za ta shiga.

Kuma lissafina ba daidai ba ne. Ba 8 ga Agusta ba ce taku. Akwatinku aka fara tura wa don gwaji, tun 11 ga Yuni, wai don girmama Eleazar, tunda shi ne na farko da ya kafa da hannunsa. Ranarku jibi ce, Laraba.

Motar ofishinsu ba za ta wuce gada ba sai an kwashe ƙasa. Nicanor ya ce zai ajiye tasa motar a gada ya hau da ƙafa.

Maganin mai sauƙi ne. A buɗe akwatin, a cire baƙar wayar batir, a ƙirga goma, a mayar. Zai fara ƙirgarsa daga farko, mu samu wasu kwana arba'in da tara.

Na san abin da zai biyo baya. Makullin yana wuyan Crisóforo, shi ne shugaban kwamitin ruwa, kuma ina tsaye a wurin ranar da Eleazar ya sa shi ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari ba zai taɓa kashe akwatin ba, komai wanda ya ce. Shekara shida bai saɓa ba. Zai ce, "Ni da yaron na yi alkawari, ba da matan da ke sayar da tamale ba." Don haka na yage shafin na sa miki a ciki. Ya san rubutun. Ki ce masa yaron ne ya aiko.

In ya ƙi, ki ɗauki guduma ki fasa kwaɗon, ni zan amsa laifin. In kuma takardar nan ta makara, ki shinshina ruwan kafin komai. In kin ji warin maganin wanki, ki aika a buga ƙararrawar coci. Kada Adelaida ta haɗa madara da ruwan famfo, ta ɗebo na rafi ta tafasa.

Da kin cire wayar, ki ba Nicanor ko da ganyen bishiya ne ya kawo mini, zan gane. Ba zan ɗora tukunya ba sai na gan shi.

Allah ya tsare ku.

Aminiyarki,
Eufrosina