Sunan Maigero na Yanka

Yaya Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Mu nan Riyad lafiya lau, sai zafi, shi ma mun saba.

Wani Bajamushe abokin aikina ya nuna min takardar asalinsu. Manoma ne kaka da kakanni, har 'ya'yan da suka tafi Amurka ba a bar ko ɗaya ba. Ya tambaye ni sunan kakana, na ce Maigero. Sai na tuna laƙabi ne, ban san sunansa na yanka ba.

Na san Inna ba za ta kama sunan surukinta ba. Don Allah ki tambayi Baffa Inuwa tun yana da ƙarfi, ki rubuta mu duka. Ki sa 'yata Jamilat, ko da ba ta taɓa taka gonarmu ta gado ba.

Ƙaninki,
Uwais